Gaisuwar da Munka Kai a Makare

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Maƙwabta, ƙawaye, har matan da muke haɗuwa wurin niƙa, kowa tambayarta guda: "Habsu, da gaske kin je har Tamaske? Ke da ko Galma sai an ja ki?" Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji, kuma kullum sai labarin ya dawo mini da ƙari. Wata ta ce ruwa ya tafi da motarmu. Wata ta ce biro ne, ofishin da nake aiki, ya kai mu shan iska. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya da ɗan karatun da Allah ya ba ni, yadda ya faru. Ba shan iska ba ne. Gaisuwar mutuwa munka kai, kuma a makare munka kai ta.

Ga wadda ba ta sani ba, na daɗe ina aiki a biron wata ƙungiyar manoman albasa nan Madawa. Shara nake yi, in dafa shayi, in kai takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mu biyar ne. Akwai Direkter Garba, akwai Madam Zali sakatariya, akwai Illa shofer mai tuƙa motar biro, akwai ni, sai Sahabi malamin gona, wanda ke zagaya fadamu yana duba irin albasa. Shekara bakwai muna tare da Sahabi. Yaro ne mai fara'a. In ya dawo daga daji sai ya zauna kan benci kusa da murhun shayina, yana ba ni labarin ƙauyensu ina wanke kofuna.

Bara Direkter ya je wani horo a Tawa kan yadda ma'aikata za su haɗa kai. Ya dawo da takarda ya manna a bango, ya kuma buɗe mana gurup a waya. Ya ce daga yau duk abin da ya samu ɗayanmu, na daɗi ko na wuya, a sa shi nan kowa ya sani. Allah ya sani ba mugun nufi ya yi ba. Ni wayata ƙarama ce, ba ta shiga gurup, sai dai Madam Zali ta karanta mini.

Da bazara, ana tsakiyar ajiyar albasa, mahaifiyar Sahabi ta rasu. Da sassafe anka kira shi, ya hau moto, wato babur, ya tafi. Kafin hantsi gurup ya cika da addu'a. Direkter ya rubuta dogon saƙo da Faransanci, ya ba shi konje, hutun aiki, na kwana goma. Kowa ya ji ya sauke nauyi, anka koma aiki. Da ya dawo na yi mishi gaisuwa a bakin ƙofa, tsintsiya na hannuna. Ya ce, "Na gode, Inna Habsu," ya shige. Daga ranar benci bai sake ganinshi ba. Aiki yana yi, gaisuwa yana amsawa, iyakarta ke nan. Da lokacin sadakar arba'in ya zo ya tafi, bai dawo ba. Sai ga takarda wani direban tasha ya kawo: Sahabi ya ajiye aiki. An kira wayarshi, an kira, ba ya ɗauka.

Direkter ya tara Madam Zali da Illa a ɗakinshi. Na shiga da shayi na iske yana juya takardar yana cewa, "Mi munka yi ma yaron ga? Konje na ba shi. Saƙo kowa ya yi."

Madam Zali ta ce, "Ni har sau biyu na rubuta."

Illa ya ce, "Ko dai ya samu wani aiki can Keita?"

Na ajiye tire na ce, "Direkter, in sa baki?"

"Sa, Inna Habsu."

"Cikinmu wa yat taka ƙahwa yaj je?"

Direkter ya ajiye takardar kan tebur. Kada ku ce na faɗi haka don na fi su. Na fi su laifi. Su lakwal, makarantar boko, ta ɗauke su tun suna ƙanana. Ni tsakar gida ta rene ni, na san gaisuwar mutuwa ƙafa take so. Tun ranar farko na sani, amma tsoron mota ya rufe mini baki, na ce tunda manya sun yi shiru, wace ce ni.

Kwana biyu Direkter bai ce komi ba. A na uku ya ce Asabar da safe za mu tafi mu huɗu, mu gaishe shi, mu yi mishi magana ya janye takardarshi, mu dawo a yini. Damina ta riga ta sauka lokacin.

Ranar Asabar na iso biro da ƙunshina: zane biyu, buta, tsamiya don tashin zuciya, da goro da sukari da dabino na kai ma gidan mutuwa. Illa ya dubi kayan ya ce, "Inna, Makka za mu ko Tamaske?" Na ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka, ɗan nema. In ka kashe ni, ɗiyana sun san gidanku." Direkter ya zauna gaba da jakarshi kan cinya. Na ga lokacin da ya ninke takardar Sahabi ya sa a aljihun riga. Ni da Madam Zali muna baya, tana ta latsa waya.

Har munka wuce ƙasar Galma ina lafiya, ina nuna musu inda ƙanwata ke aure. Daga nan duniyar da na sani ta ƙare. Hanya ta yi haƙarƙari, mota na rawa, hanjina na rawa. Tsamiya ba ta yi komi ba. Sau biyu Illa ya tsaya na sauka na amayar da kunun safe. A na biyu Madam Zali ta sauko ta riƙe mini goshi, ta zuba mini ruwa. Shekara bakwai ina share ƙarƙashin teburinta, ranar ce hannunta ya fara taɓa jikina.

Kafin a shiga Buza akwai bariyar, igiya an ɗaura da tsummoki, jandarma na zaune ƙarƙashin rumfa. Wani dogo ya zo ya karɓi takardu. Ya dubi katina ya dube ni, ya sake duban katin, don hoton tun ina da haƙorana duka anka ɗauke shi. Ya ce, "Hajiya, ke ce ko ɗiyarki?" Na ce, "Ni ce, kahin aiki ya ci ni." Ya yi murmushi. Ya tambayi Direkter ina za mu. Direkter ya nuna takardar misiyo, ta izinin tafiyar aiki, ya fara bayani da Faransanci, sai Illa ya tsoma baki: "Shef, gaisuwar mutuwa za mu. Uwar abokin aikinmu."

"Allahu akbar. Jiya ta rasu?"

Da ƙyar Illa ya ce, "Tun bazara."

Jandarman ya tsaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo takardun ya ce, "Allah ya jiƙanta." Ya saki igiya.

A Buza munka tsaya tasha munka sha fura wurin wata mata 'yar Babban Katami, mai baki kamar ni. Furarsu ta fi tamu kauri, kuma sai sun zuba yaji har ka ji shi a kunne. Nan ne ta tambaye mu wace unguwa za mu a Tamaske, don tana da dangi can. Direkter ya dubi Madam Zali. Madam Zali ta buɗe dosiyen Sahabi, takardunshi na aiki, ta ce an rubuta an haife shi a Tamaske, sunan ubanshi Arzika. Matar ta tuntsire da dariya. "Arzika? A Tamaske? In kin jehwa dutse cikin kasuwa, kan Arzika zai sauka." Illa ya ce ai shi yana jin ba cikin gari suke ba. Direkter ya ce, "Wane ƙauye?" Illa ya ce bai taɓa tambaya ba. Ga mu nan da mota da takardar misiyo mai hatimi, ba mu san gidan wanda za mu ba.

Mun bar Buza hadari na haɗuwa ta gabas. Ba a kanmu ya zuba ba, can kan tuddai ya zuba, amma mu ya tare. Wajen la'asar munka iso wata ƙorama munka iske ta kawo, ja wur, tana tafe da itace da ƙaya. Motoci uku na tsaye da kekunan jakai. Direkter ya duba agogo ya ce ma Illa ko za a gwada. Illa ya ce, "Direkter, komi kac ce ina yi. Wanga ban yi." Ban taɓa jin ya ce mishi a'a ba sai ranar. Wani dattijo mai keken jaki ya ce ruwan nan sai gobe da hantsi. Ya ce garinsu ga shi nan bayan gonaki, in ba mu ƙyamar gidan talaka.

Haka munka kwana ƙauyen da ban san shi ba, ban taɓa jin sunanshi ba. Maza anka ba su zaure, ni da Madam Zali anka kai mu ɗakin uwar dattijon, wata tsohuwa da ake kira Iya Tsahara. Bayan magariba anka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da yawa. Ina tsaye bakin zaure da butar wanke hannu lokacin da anka ajiye ma maza kwano guda. Illa ya miƙe zai fita, don ko misiyo sunka je, Direkter na cin nashi ciki, shi kuma cikin mota. Mai gida ya ce, "Ina za ka?" Illa ya ce zai jira shef ya gama. Mai gida ya ce, "Mota guda kunka zo, ruwa guda ya tare ku. Ban da kwano biyu." Direkter ya naɗe hannun riga ya ce, "Zamna, Illa." Na ga Illa na ɗibar tuwo kamar mai taɓa wuta.

Mu kuma a tsakar gida Iya Tsahara ta zauna ta sa mu gaba da tambaya, irin ta tsofaffi, ba kunya. Ta tambayi Madam Zali ina mijinta. Nan na ji abin da ban taɓa ji ba: mijinta ya tafi arewa neman kuɗi shekara huɗu ke nan, tun bara ba a ji muryarshi ba, kuma ƙaramin ɗanta na Ƙonni wurin uwarta don ba shi da lafiya. Ashe wayar nan da take latsawa kullum, da nake cewa a raina yanga ce, jira take yi. Tsohuwar ta juyo kaina ta ce, "Ke ba ki sani ba?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To mi kuke hwaɗi a biron naku tun sahe har marece?" Na ce, "Ina kwana, ina gajiya."

Da ta ji abin da ya fito da mu, ba ta yi mamaki da baki ba, sai ta kama haɓa. Ta ce tun zamanin kakanninsu, kafin salla ta game garuruwan nan, abin da sunka taso sunka iske shi ne, in an yi mutuwa ba a ƙidaya abin da mutum ya kawo, fuskoki ake dubawa. Ta ce, "Wanda anka yi ma mutuwa ido gare shi. Shina kuka, amma shina ganin wanda yaz zo da wanda bai zo ba. Har ya mutu bai mancewa."

Da safe anka ba mu kunu, ruwa ya janye ya bar laka da yashi. Illa ya shiga a hankali, munka kafe a tsakiya. Duk munka sauka. Madam Zali ta cire takalmanta masu tsini, Direkter ya naɗe wando, mutanen kekunan jakai sunka kama mana. Ni ba wani ƙarfi gare ni ba, salati na riƙa yi da ƙarfi ina dafe da mota. Da ta fita Illa ya ce, "Inna, salatinki ne yat tura ta." Laka har gira, haka munka shiga ƙasar Keita.

Abin da na gani can, dutse ne. Mu nan yashi da fadama, su dutse ko'ina, an jera shi layi-layi a jikin tuddai don ya tare ruwa. Illa ya ce mata ne sunka ɗauko mafi yawansu a ka. Na dubi tuddan na ji wuyana ya yi ciwo. A Keita munka wanke ƙafafu, wani Buzu mai shayi ya ba mu cuku munka haɗa da shayinshi. Ni da nake taƙama da shayi, na sha nashi na yi shiru. Ɗaci kamar maɗaci, kuma ba ya barin ka tashi sai ka sha na uku.

Tamaske gari ne babba, ya fi yadda na zata, da manyan gidajen siminti da yawa a rufe, an ce masu su na ci-rani. Direkter ya tambayi mutum uku ko sun san Sahabi ɗan Arzika, malamin gona a Madawa. Kowa ya nuna wani Arzika daban. Rana na yin sama, na ga ranshi ya fara ɓaci. Sai na rufe ido na koma kan bencin nan, na riƙa tuno abin da yaron ke faɗa ina wanke kofuna. Uwarshi daddawa take yi, ranar kasuwa takan kawo Tamaske a keken jaki. Sunanta Ai. Kuma ya taɓa ce mini a gida ba mai kiranshi Sahabi, Nomau suke ce mishi don ana tsakiyar noma anka haife shi. Na ce ma Illa ya kai ni inda mata ke saida kayan miya.

Mace ta biyu da na tambaya ta ajiye mudu. "Ai mai daddawa? Allah ya jiƙan Ai, nan kusa da ni take zama." Ta leƙa bayana ta ga mota da tambari a ƙofa. Ta ce, "Ku ne mutanen biron Nomau?" Na ce mu ne. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ashe kuna nan da rai." Ta kwatanta mana hanya: a bi bayan dutse, a wuce rijiya mai bakin siminti, ƙauye na biyu.

Mun isa ana shirin azahar. Malam Arzika na zaune gindin itacen bedi a ƙofar gida, tsoho siriri, idonshi ɗaya ya yi fari. Munka yi sallama, Direkter ya faɗi ko su wane ne mu. Tsohon bai tashi ba, bai kuma ɓata fuska ba. Direkter ya ce ko za mu shiga zaure, don yana ganin mutane sun fara leƙowa. Tsohon ya ce, "A'a. Nan waje." Ya kira wata mata ya ce, "Ɗauko tabarmar nan ta bayan rumbu."

Ta kawo ta, sabuwa ce, ba a taɓa zama kanta ba, gara ta fara cin gefe guda. Anka shimfiɗa a fili inda duk mai wucewa masallaci zai gani. Munka zauna, ni da Madam Zali daga gefe. Direkter ya yi gaisuwa, anka yi addu'a, anka shafa. Kafin a gama maza sun kai goma sha a tsaye da zaune. Sannan tsohon ya yi magana, a hankali, ba da mu kaɗai ba.

"Ranar da Ai ta rasu, na sa anka sayo tabarmar ga. Na ce ta baƙin Madawa ce, mutanen biron Nomau, kada kowa ya zamna. Kwana bakwai ana shimhiɗa ta da sahe, ana naɗe ta da marece. Yaran garin ga da ke ci-rani Abija, da masu Libiya, sun kira waya. Amma kowane ya aiko ƙanenshi ko kawunshi, yaz zo yaz zamna nan, ya ce ni ne ƙahwar wane. Haka muke yi. Waya ta mai nisa ce, kuma ko mai nisa shina aron ƙahwa." Ya numfasa. "Da ba ku zo ba, sai gari ya hwara magana. Wasu sunka ce korar shi anka yi. Wasu sunka ce hannunshi ya taɓa abin da ba nashi ba. Na tambaye shi, ya ce Baba sun gaishe ni a waya. Na ce to. Mi zan ce ma gari?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na dubi Direkter. Mutum ne da bai iya magana ba sai da takarda a hannu, kuma Hausarshi rabi Faransanci ce. Ya cire hula ya ajiye kan gwiwa. Ya ɗaga murya yadda na bayan za su ji.

"Baba, jama'a, ku shaida. Sahabi bai yi laihin komi ba. Shekara bakwai ko allura ba ta ɓace a hannunshi ba. Manomanmu sunanshi suke kira kahin nawa. Laihin namu ne, nawa ne, ni ne babba. Na ɗauka rubutu ya isa. Ban da hujja. Ku yahe mana."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Madalla." Wani ya ce, "Mun ji." Liman ya sake ɗaga hannu anka yi wata fatiha.

Ni da Madam Zali munka shiga ciki wurin mata da goro da sukari. Sunka nuna mana ɗakin Ai, da tukwanen daddawarta a kife jikin danga. Ban taɓa ganin matar nan ba, amma na san tana sa kanwa a kunu, na san tana tsoron tsawa, duk daga bakin ɗanta. Na zauna bakin ɗakin na yi kukan da ya kamata in yi tun bazara. Madam Zali ma ta yi, nata da na wasu abubuwa.

Muna fitowa Sahabi na isowa daga gona, hauya a kafaɗa, ya rame ya yi baƙi. An riga an kai mishi labari. Ya tsaya ya dubi mota, ya dubi tabarma, ya dube mu da sauran laka a tufafi. Ya gaida Direkter da hannu biyu, ya gaida Illa. Da ya zo kaina ya ce, "Inna Habsu, har da ke? A mota?" Na ce, "Har da ni, ɗana. Na yi amai sau biyu." Bakinshi ya motsa kamar zai yi dariya, bai yi ba. Na ce, "Ni na san daidai, na yi shiru. Ka yahe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kun sha hanya."

Anka kawo dambu da fura munka ci. La'asar na matsowa, Illa na duban sama. Na ga hannun Direkter ya tafi aljihun riga inda takardar take, gabana ya faɗi, don ba a haɗa gaisuwa da biɗar buƙata. Kafin ya fiddo ta tsohon ya ce, "Na gode da dogon konjen da kunka ba shi. Ya kama mini noma. Amma na ce mishi kada ya wuce ƙa'ida, aikin mutane amana ne."

Ashe bai gaya ma ubanshi ya ajiye aiki ba. Sahabi ya kafa ido a ƙasa. In takardar nan ta fito gaban jama'a, duk abin da anka gyara ya rushe, kuma ɗa ya zama maƙaryaci gaban ubanshi. Hannun Direkter ya tsaya kan aljihu. Sannan ya sauke shi ya ɗauki hularshi.

Ya ce, "Bai wuce ba, Baba. Wurinshi na nan."

"Yaushe zai koma?"

"Shi zai hwaɗi."

Kowa ya juya wurin Sahabi. Yana iya cewa ba ya komawa, kuma babu mai ganin laifinshi cikinmu. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "In an gama maimai, noma na biyu. Litinin ta bayan mai zuwa."

Tsohon ya ce, "To, ka ji, Direkter."

Dawowa ba abin faɗi da yawa. Ƙorama ta bar mu munka wuce, ban yi amai ba sai sau ɗaya. A Buza Direkter ya tambayi Illa sunan ƙauyensu da ko iyayenshi na da rai, Illa ya faɗa mishi, ya ƙara da kwatancen hanya ba a tambaye shi ba.

Ranar Litinin ɗin tun da safe na kasa zama, ina share inda na riga na share. Takwas ta wuce, tara ta wuce. Madam Zali ta fito sau uku wai tana neman wani abu a mota. Wajen goma sai ga ƙarar moto. Ya shigo da ƙura a gira, ya bi ɗaki ɗaki ya gaida kowa. Ba zan ce muku ya koma yadda yake da ba. Bai ce ya yafe ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Da anka taru shan shayi ya tsaya riƙe da kofi ya ce tsoho ya ba shi saƙo, ya ce kada ya sa a waya, ya faɗa da baki kowa na nan.

Direkter ya ce, "Muna ji."

"Ya ce a gaishe ku. Ya ce yanzu kun san hanya. In tashi mutuwar ta zo, kada ku makara."